Yadda Za Ka Rage Kifin Gufi Kafin Yayar Matarka Ta Iso

Idan kana kiwon kifin gufi a gida har ya fi ƙarfinka, sha kuruminka, ka faɗo hannun masana. Bi matakan nan daki-daki, kada ka tsallake ko ɗaya. Tabbaci ake ba ka, babu wataƙila a ciki: kifinka zai ragu, tukwanen matarka za su koma kicin, kai kuma a ci gaba da gaishe ka a matsayin mai gida.

Wanda ya tsara matakan ana ce masa Gwani. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan da ya ga kowa ya ƙi raɗa masa. Duk abin da za ka karanta a nan, a jikinsa aka gwada.

Ga wanda bai sani ba, gufi wani ɗan mitsitsin kifi ne da bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Ba a cin sa, a tankin gilashi ake zuba shi ana kallo. Namijin yana da wutsiya kala-kala, macen kuwa toka-toka ce, ba ruwanta da gayu. Kuma ba ya saka ƙwai irin na sauran kifi. Haihuwa yake yi, 'ya'yan su faɗo suna iyo. Riƙe wannan da kyau, duk fitinar daga nan take.

Mataki na 1: Fara nemo wanda za ka ɗora wa laifi

Kada ka kuskura ka fara da kanka, ɓata lokaci ne. Gwani likita ya ɗora wa. Likitan ne ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin da zai riƙa kallo hankalinsa ya kwanta. Daga asibiti sai shagon kifin ado, da niyyar ɗaukar guda ɗaya tal.

"Haba Baba, ɗaya?" in ji mai shagon. "Ɗauki miji da mata, kada kaɗaici ya kashe shi."

Nan aka gama da Gwani. Tun da autarsa ta bar gida ya san ɗanɗanon kaɗaici, ba zai so wa ko kifi ba. Ya ɗauki biyu, aka ƙara masa mace ɗaya kyauta, har da godiya ya yi. Abin lura: duk ɗan kasuwar da ya yi maka kyauta yana murmushi, tsaya ka tambaye shi ko abin yana haihuwa.

Mataki na 2: Kada ka leƙa ƙasan tanki da safe

Gwani ya leƙa. Ya ga wasu ɗigo-ɗigo suna motsi tsakanin tsakuwa, ba komai a jikinsu sai idanu biyu da ɗan zare. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Jarirai ne! Bai gama murna ba uwar ta zagayo, ta buɗe baki ta haɗiye ɗaya, ta wuce abinta ko waiwaye babu.

Ashe haka halin gufi yake, ba ya bambanta ɗansa da abincin safe. Mai hankali sai ya ce ikon Allah, ya je ya sha shayinsa. Gwani salati ya saka, ya ruga kicin da takalmi ƙafa ɗaya, ya suri rariyar shayi da kwano, ya dawo ya tsamo jariran ɗaya-ɗaya yana haki. Jinin da aka ce a kwantar, ranar har a kunne ya ji bugunsa.

In matarka ta tambaya, ce mata aron kwano ɗaya ne, gobe za ka mayar. Haka Gwani ya ce. Daga kwano aka koma roba, daga roba bokiti, sai kular abinci, sai bahon wanki. 'Ya'ya suka girma suka haihu, jikoki ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Falo ya cika da mazubai, kowanne da ɗan bututun iska yana ɓulɓuli, sai ka ɗaga ƙafa kafin ka kai kujera. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga kayan ofis ya tashi ƙirga kifinsa, ya kai wani wuri, suka juya, ya haƙura.

Mataki na 3: Karɓi gargaɗi da fuskar masani

Gargaɗi zai zo. Na Gwani ya zo ne ran da uwargida ta ɗaga murfin babbar tukunyarta za ta ɗora girki, ta tarar ana kallonta daga ciki. Ba ta yi ihu ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta mayar da murfin a hankali, ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, Yaya tana tafe ƙarshen wata."

Yaya ita ce yayarta da ta raine ta, mace ce da in ta shigo gida sai ta shafa saman kabad da yatsa kafin ta amsa gaisuwa.

"Allah ya kawo ta lafiya," in ji Gwani.

"Amin. In ta zo ta tarar da kifi a cikin ko da cokalina ne, ƙafata ƙafarta. Na riga na faɗa mata a waya. Ka zauna da su, su dafa maka, su yi maka hira."

"Haba uwargida, abin ai a ilimance ake bin sa."

"To ka bi shi a ilimance. Ni dai tukwanena."

A nan ana so ka gyaɗa kai, ka shafa gemu, ka ce dama kana da tsari. Gwani ya yi duk wannan. Sai dai a cikinsa tsoro ne zalla, don ya san matarsa ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, ya kuma san gidan nan in ba motsinta a ciki ba zai iya zamansa ba.

Mataki na 4: Raba maza da mata

Dabara ce mai sauƙi, ko yaro ya san ta. Maza a bokiti, mata a baho, a kai bokitin bayan ƙofa. Gwani ya wuni yana tantancewa, ya miƙe da ciwon baya, ya shaida wa uwargida cewa an rufe ƙofar haihuwa a gidan nan.

Ba a daɗe ba bahon mata ya wayi gari da jarirai. Gwani ya je ya tsaya kan bokitin maza yana hararar su, ya ce lallai akwai mai tsallake a cikinsu. Ya rufe su da faranti, ya ɗora turmi a kai. Aka sake haihuwa. Sai da ya tona waya ya karanta cewa macen gufi in ta haɗu da namiji sau ɗaya ta yi guzuri ke nan, za ta yi wata da watanni tana haihuwa ba tare da ta sake ganin ƙeyarsa ba. Ya je ya sauke turmin. Bai ba mazan haƙuri da baki ba, amma ranar ya ƙara musu abinci.

Mataki na 5: Zama mai yawan kyauta

Zuba kifi a kwalba ka bi mutane. Kada ka tambaye su ko suna so, tambaya ita ke kawo a'a. Miƙa kawai ka ce ka tuna da su ne. Gwani ya ba mai askinsa, ya ba telan da ke maƙwabtaka da shi, ya ba mai gyaran famfon da ya zo duba bututu. Falo ya fara samun hanya, har uwargida ta karɓi kularta ta wanke da ruwan zafi.

Sharaɗin matakin ɗaya ne: in ka bayar, kada ka koma dubiya. Gwani ya koma. Ya shiga shagon aski da kansa ƙwal, babu abin askewa, ya hango kwalbar a taga rana tana dukanta, ruwan ya zama kore.

"Yaushe rabon da ka canza musu ruwa?"

"Kifi ne fa, Baba. Ruwa ai ruwa ne."

"Me kake ba su?"

"Ɓarɓashin burodi. Suna so sosai."

Gwani ya rungumi kwalbar ya fito ko sallama babu. Ya biya ta wurin tela, can ma ya ga abin da bai gamshe shi ba. Da ya iso gida ya juye, sai ya ga abin da ya dawo da shi ya fi abin da ya bayar, don a can ma ba zaman banza suka yi ba. Tun daga ranar, in mutanen layin suka hango shi da wani abu mai ruwa a hannu, sai kowa ya kara waya a kunne.

Mataki na 6: Bar iyaye su yi aikinsu

Ga maganin gaskiya, wanda Gwani ya sani tun ranar farko yana kauda kai. Juye kowa da kowa a tanki ɗaya, manya da jarirai, ka naɗe hannu. Ba ka kashe kowa ba, ba ka zubar da kowa a kwata ba. Iyaye za su rage maka aiki.

Sai da safiyar ranar da Yaya za ta iso ya iya. Ya juye su duka, ya wanke tukwane da kwanuka ya jera a kicin, har rariyar shayi ya mayar kan ƙusarta. Uwargida ta bi su ɗaya-ɗaya tana shinshinawa. Shi kuma ya dawo falo, ya ja kujera gaban tankin, ya zauna a kan tafukan hannunsa don kada su ci amanarsa.

Littattafai ba sa faɗin wannan, amma da ciwo. Wata ƙatuwar mace ta zaɓi wannan lokacin ta fara haihuwa a bayan ciyawar roba, sauran suka taru suna jira. Gwani ya runtse ido, ya buɗe, ya sake runtsewa. Ya san abin dariya ne dattijo da furfura ya zauna idonsa na kawo ruwa a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amma tun da ya bar aiki, yara kuma suka watse, waɗannan ne kaɗai ke rugowa in ya tunkaro da safe. Ya zaɓi matarsa, bai kuma yi nadama ba, sai dai zuciyarsa ta ƙi ba shi haɗin kai.

Mataki na 7: Kada ka bari matarka ta shigo falo

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma Gwani ya manta. Uwargida ta shigo da tire, an jera tambulan na baƙi da ruwan sanyi. Ta ajiye, ta dube shi, ta bi inda idonsa yake. Duk tsawon zaman kifin a gidan ba ta taɓa tsayawa ta kalle su ba, sai yau. Daidai lokacin wani jariri ya fito daga ciyawa, babba ta bi shi, ya kauce da ƙyar, wata ta tare shi ta gaba.

"Innalillahi! Malam, cinye shi za ta yi!"

"Haka tsarin yake, uwargida."

"Wane irin tsari? Kana zaune kana kallo?"

Kafin ya buɗe baki ta suri tambulan, ta naɗe hannun riga, ta zurma hannu har gwiwa. Ta kamfato jaririn da wasu 'yan uwansa, ta miƙa masa, ta ɗauki tambulan na biyu. "Matsa can, ga wani a bayan dutse. Ke, uwar banza, kauce!" Gwani ya zaro hannuwansa da suka yi tsami ya shiga nuna mata da yatsa. Suna kan na uku aka yi sallama.

Yaya ce a bakin ƙofa, da jakarta a hannu ɗaya, da wata babbar jakar da ba komai a ciki a ɗayan. Ta dubi ruwan da ya jiƙa dardumar, ta dubi Gwani, ta dubi tambulan ɗin da ke hannun ƙanwarta, wanda wasu idanu ke yawo a ciki.

"To, ga shi na gani da idona," in ji ta. "Ga jakar da kika ce in taho da ita. Haɗa kayanki."

Gwani ya juya ya dubi matarsa. Uwargida ta share goshi da bayan hannu.

"Ina zan je, Yaya? Ki dubi mutumin nan fa. Zaune na same shi ya danne hannuwansa, ana cinye jarirai a gabansa. In na tafi wa zai kula da su?"

Yaya ta juyo ta watsa masa wani kallo. "Malam, ashe haka kake da taurin zuciya?"

A nan mai ƙaramin sani zai tashi kare kansa, ya ce ai umarni ya bi. Kada ka yi. Gwani ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Yaya, za a gyara." Bai taɓa karɓar laifi da daɗin rai irin na ranar ba.

Sanarwa

Gwani ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. In kifinka bai ragu ba, nasa ma bai ragu ba. In jininka ya hau, ka koma wa likitanka. In maƙwabta suka daina amsa sallamarka, ko baƙuwarka ta sha ruwa a murfin filas don babu kofi, wannan tsakaninku ne. In kuwa taka matar ta ɗauki jakar ta bi yayarta, kada ka ce wani ne ya sa ka, ba kowa ke dace irin nasa ba. Mai ƙorafi ya same shi a gida. Da safe ya fi, lokacin su biyun suna durƙushe gaban tanki suna musun wanda ya fi saurin hannu. Ya taho da mazubinsa, don a gidan babu ko ɗaya da ba kowa a ciki.