Ƙirjin Ba Kapembwa Ya Ƙi Motsi

"Ni za a koya wa hoton ƙirji? Tun ba a haifi likitan nan ba nake tsayawa gaban na'ura!"

Mai maganar shi ne Ba Kapembwa, wato Baba Kapembwa a harshensu, sarkin cika baki na ramin haƙar jan ƙarfe a garin Kitwe, yana yi wa abokan aikinsa lacca a bencin asibiti. Dutse ne ya bugi wuyansa a rami, likita ya ce sai an duba tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, don jijiyarsa daga wuya take saukowa. In yana hawa yana sauka, gogan ya koma shugabancin ayarinsa. In ya tsaya cik, sai rabon fitila a bakin ƙofa, aikin da ya sha yi wa tsofaffi dariya a kansa.

Da aka shigar da shi, mai ɗaukar hoto, Namukolo, ta ce, "Baba, wannan hoto mai motsi ne. Yi numfashi kamar kullum."

Yarinya ba ta san aiki ba, in ji shi a ransa. Ya zuƙi iska, ya banƙaro ƙirji, ya ƙame.

"Baba, babu abin da ke motsi fa."

"Haka ake so, 'yata. Danna kawai!"

"In na danna haka, likita zai ce tantanin ya shanye."

Nan fa ya hango kansa yana miƙa wa yara fitila. Ya shiga haki kamar kare a rana.

"Ba gudu na ce ka yi ba. Kamar kullum!"

To, yaya yake numfashi kullum? Ka ji wawa, mai furfura guda ya nemi yadda ake yi ya rasa. Ya ja ta hanci, ya fesa ta baki, ya ƙware, har shaƙuwa ta kama shi.

Matarsa ta leƙo. "Baban Mwaba, kai da ka ce minti ɗaya? 'Yata, na'urar nan tana ɗauka a kwance?"

"Tana ɗauka, Mama."

"To bar min shi."

Ta ja shi waje, ta buɗe kwanon nshima, tuwon masararsu, da busasshen kifi, ya share tas. Aka shimfiɗe shi a gadon na'ura. Yana cikin bayanin yadda Turawa suke ɗaukar hoto a zamanin da, munshari ya kece, har 'yan benci suka zaci janareta aka tayar. Tantani kuwa ya riƙa hawa da sauka gwanin sha'awa.

Da ya farka, ya fito yana goge miyau, ya tarar da likita tsaye gaban abokansa.

"Likita, faɗa musu! Ka taɓa ganin gwani irina?"

"Ka koma rami gobe, Ba Kapembwa," in ji likita. "Jikinka ya san aikinsa sarai, muddin ba ka farka ka sa masa baki ba."