Burodin Koko

Ranar da likita ya ce sukarina ya hau, ya umarce ni in bar farin burodi in nemi mai duhu. Daga asibiti na wuce wani kanti a Birnin Kudu, na riƙa ɗaga burodi ina duba shi a hasken ƙofa kamar mai sayen gwal, har na samu wanda ya fi kowanne baƙi.

"Wannan na mene ne?" na tambayi mai kanti.

"Na koko ne, Malam."

Koko! Gero ke nan, abincin kakanninmu. Ban ƙara tambaya ba. A gida na hana yara taɓawa, na ce magani ne. A majalisa kuwa na yi wa abokaina huɗuba kan amfanin gero, har Alhaji Sabo ya saya wa surukarsa ya aika mata Gwaram. Ni kam kullum sai na tashi da rabi, ina mamakin yadda magani ya yi daɗi haka.

Wata safiya matata Hauwa ta tarar kiyashi sun yi wa ledar burodin dafifi. Ta gutsura ta ɗanɗana, sai ta zauna a ƙasa don dariya.

"Malam, cakulan ne fa! Kokon Bature, ba na gero ba!"

Har yau Alhaji Sabo "Likita" yake kirana. Hauwa kuma duk safiya sai ta leƙo ta ce, "Malam, kokon naka a dama maka, ko a yanka maka?"