Saƙon Surukata a Shingen Baleyara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar kaina wurin jandarma ba, kuma ko na so in manta, mutanen Filinge ba za su bar ni ba.

Fim ne ya ja mini. Ni manomi ne, lakkwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi aka ga gona ta fi dacewa da ni. Shekarar da zan fara zuwa cin rani Kwatano, saura kwana uku in tashi, abokina Illa tela ya kira ni shagonsa bayan la'asar, wai ya samo kaset. Labarin wani saurayin Anasara ne da aka kama a ƙasar mutane da ƙulle-ƙullen kayan maye, aka jefa shi gidan kaso. Da Faransanci suke magana, Illa ke fassara mini (aji shida ya yi, abin da bai gane ba sai ya cike da nasa). Amma duka ba ya buƙatar tafinta. Na ga yadda suka yi wa yaron, na ga alƙali yana yanke masa shekaru da yaren da ba ya ji.

Illa ya ce, "Ka gani ko? Ƙasar mutane ba a cewa ban sani ba. Abin da aka iske hannunka, naka ne."

To, a ƙasarmu ta Kurfai matafiyi ba ya ƙin saƙo, kuma ba ya buɗe shi. Wanda ya buɗe saƙo ya gama zubar da mutuncinsa. Ranar tafiya da safe sai ga surukata da kanta. Ta tsaya bakin zaure, ni ina kallon ƙasa kamar yadda ya kamata, ta miƙa wa matata wani ƙulli kamar kan jariri, cikin baƙar leda, an naɗe shi da robar tayar keke.

"Ki ce ma baban Sani ya kai ma Alhaji Bube, hannu da hannu. Kada ya sa shi cikin kaya, ya riƙe shi jikinai. Kuma kada kowa ya gani."

Alhaji Bube ɗanta ne, yayan matata, babban ɗan kasuwa a Kwatano. Shi ne zai ba ni wurin kwana da aiki. Na soke ƙullin cikin riga, na shiga mota.

Tun kafin mu yi nisa na fara latsa shi. Gari ne. Na ce a raina, baƙar leda, gari, a jiki, kada kowa ya gani. Ai haka na Anasaran nan yake. (Tsohuwar da ba ta wuce garin Damana ba a rayuwarta, ita na mayar shugabar 'yan fasa-ƙwauri. Allah ya yafe mini.) Zufa ta jiƙa mini riga. Kusa da ni Ta Allah ce mai ƙosai, maƙwabciyar surukata, za ta kasuwar Baleyara. Ta ce, "Baban Sani, zazzaɓi kake?" Na ce mota ce ba ta karɓe ni ba.

A shingen Baleyara jandarma ya leƙo ya ce a nuna katin shaida. Shi ke nan abin da ya tambaya. Ya duba nawa, ya miƙo mini, har ya juya. Ni kuwa lissafi nake: gara kason gida, inda matata za ta kawo mini fura, da kason inda ba na jin yare. Sai na ji bakina ya ce, "Shef, ina da magana."

Na sauko, na fiddo ƙullin da hannu biyu na ce, "Wanga abu ba nawa ba ne. Ba ni aka yi. Ina son a shaida ni na kawo kaina."

Ya dube ni, ya dubi ƙullin. "Wa ya ba ka?"

"Surukata."

Direba ya kashe mota. Ranar kasuwa ce, nan da nan masu awaki da masu kekunan shanu suka kewaye mu. Shef ya sa wuƙa ya yanke robar, leda ɗaya, leda biyu, leda uku. Gari ne ja-ja da guntayen sassaƙe. Ya shinshina, ya yi atishawa. A tsakiya akwai 'yar takarda, ya buɗe, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a rediyo:

"Na Alhaji Bube. Cokali guda cikin kunu, safe da marece. Sauran a jiƙa a ruwan ɗumi a zauna ciki. Insha Allahu basir zai kwanta."

Sai Ta Allah ta ce daga tagar mota, "Ashe shi ya sa Alhaji bai zama kan tabarma da ya zo salla." Wurin ya fashe da dariya. Shef ya ɗaure ledar da kansa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, kai mashi da sauri. Shi ke cikin kaso, ba kai ba."

Labari ya riga ni isa Kwatano. Alhaji Bube ya karɓi saƙonsa, ya ba ni aiki, dakon buhunan albasa, a rumfar da ta fi nisa da tasa. Wata biyar muna gaisawa kamar baƙi.

Surukata nake tsoro, ita kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba. Abin da ta yi ya fi zagi. Shekara ta zagayo zan koma, ta zo bakin zaure da saƙo a buɗe cikin kwano, ta ɗaga murya yadda layin duka zai ji: "Ki ce ma baban Sani wagga kuka ce. Kukar miya. Ya ɗanɗana nan gida, kada a wahalshe da hukuma."

Yau shekara ashirin da wani abu, gashina ya yi fari, har yanzu duk mai ba ni saƙo a Filinge sai ya buɗe ya nuna mini. Na daina kallon fim da Illa. Kuma na koyi cewa in jandarma ya tambaye ka kati, kati za ka ba shi.