Sadiƙu Ya Kawo a Warware Sunansa

"Lafiya lau, Hamida. Ya ciniki?"

Sadiƙu ya amsa gaisuwar yana raɓe da ginshiƙin rumfar ɗinkinta, a gefen kasuwar Magariya, da ƙunshin leda a hammata. Hamida ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba.

Ya daɗe yana tsaron gidan ekip ɗin garin, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Guguwar Magariya. Amma a hutun bana, kafin a koma wasa, mai horar da su Abdulƙadir ya yi wa ekip ɗin garambawul. Ya sallami 'yan baya biyu, ya ɗauko mai kai hari daga Kwaya, ya kuma kawo wani matashin gola daga Dogo-Dogo mai suna Ammar. Aka umarci Sadiƙu ya miƙa wa Ammar riga mai lamba ɗaya. Matsalar ita ce akwai sunansa a bayanta, kuma Hamida ce ta ɗinka shi da hannunta.

"Bawana, yau ta bayan rumfa ka ɓullo?" in ji ta, ƙafarta na kan keke. "Da ta tsakiyar kasuwa kake ratsowa kana ɗaga wa mahauta hannu."

"Rana ce ta yi yawa."

"Rana ko Ammar?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ajiye ledar a kan teburinta.

"Sunan nan za ki warware mini. Na bar musu kayansu."

"Ka bar musu, ko sun karɓe?"

"Ni fa na wuce ajinsu. Wata ekip ce a Kanada ke nemana, ta ƙwallon ƙanƙara."

Hamida ta tsayar da keken. "Ƙwallon me?"

"Kin ga ƙauyancin naki. A kan ƙanƙara suke wasa, kowa da sandarsa, takalminsu da kaifi a ƙasa kamar wuƙa. Na gani a tele. Su ma hutu suke, sun sayar da golansu, sun zauna sun rasa wanda za su sa. Sai wani ya ce ai akwai Sadiƙu a Magariya."

"Kai ɗin? Kai da in an yi yayyafi sai ka nemi bargo da shayi?"

"Za su ba ni riga mai katifa a ciki. Kuma gidan da ake tsarewa ɗan ƙarami ne, bai kai ƙofar akurkin kajinki ba."

"Ko ya koma ramin allura, za su sami hanya ta tsakanin ƙafafunka. Ka manta ranar wasanku da 'yan Dungass?"

Bai manta ba. Ƙwallo ce mai sanyi, tana gangarowa kamar ta gaji, ya sunkuya zai ɗauka, ta wuce ta ƙasansa.

"Ƙasa ce ba ta daidai," ya ce.

"Babana yana wurin. Ya ja hula ya rufe fuska. Wani ya tambaye shi, 'Alhaji, ba ɗan ƙanwarka ba ne wancan?' Ya ce shi baƙo ne, daga Kwaya ya zo sayar da gyaɗa."

"Ƙarya kike yi wa kawu!"

"Je ka tambaye shi, in zai yarda ya san ka."

"Ke da kika ɗinka wa ekip wanduna, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Shi ya sa 'yan bayanmu ke gudu a karkace har aka kore su."

"Ƙafafunsu na auna. Haka Allah ya yi su."

Ta zaro rigar, ta ɗauki reza ta fara tsinke zaren. Sadiƙu ya ga harafin farko ya tafi, sai ya juya yana kallon masu kabu-kabu. Hamida ta ɗago ta dube shi.

"To me Abdulƙadir ya ce da kai, tsakani da Allah?"

Ya zauna a bakin tabarma, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ce in zaɓa. Ko in koma ɗan baya, ko ya ba da ni aro ga 'yan Kwaya, ko in zauna gefen fili ina koya wa Ammar. Ba wannan ne ya dame ni ba, Hamida. Jiya yaron ya zo fili, ya durƙusa a gaban kowa ya ce, 'Ina wuni, Baba.'"

Ta ƙunshe dariya har rezar ta faɗi.

"Baba! To ai ya gama maka zaɓi. Ɗan baya sai da gudu, kai kuwa ko akuya ba ka kamowa. Kwaya kuma ba su yi mana laifin komai ba. Zauna ka koya wa ɗanka. Duk garin nan ba wanda ya fi ka sanin ta inda ƙwallo ke shiga."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa."

Ta hure guntayen zaren, ta ninke rigar ta mayar a leda. Ya ɗauka ya miƙe, ya taka kaɗan, sai ya ji ta ce, "Kai, gola!"

Yana juyowa ya ga gwaiba a sama tana nufo goshinsa. Hannunsa ya tashi da kansa, caraf, ya cafe ta.

"Kin gani?" ya ce, idonsa na ƙyalli. "Kin gani da idonki? Hannu ɗaya!"

"Na gani. Abin ci ne, shi ya sa."

Sadiƙu ya buɗe baki zai rama. Sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa ginshiƙi.

"Kin ci, 'yar kawu," ya ce, ya gatsa gwaibar. "Yau kam kin ci."