Ranar da Kujerar Jirgi Ta Cinye Mini Zani

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko zuwa Ingila ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya bakin ƙoƙarina in manta.

'Yata Rahila, wadda ke aikin jinya a can, ita ce ta haihu, haihuwar fari, aka ce in je in yi mata wankan jego. Mijinta Ishaku ne ya sayi tikiti. Da ya kira ni a waya sai ya ce, "Mama, saboda ciwon gwiwarki na saya miki na bizines. Sashen manya ke nan, inda kujera ke komawa gado." Na yi masa faɗa, na ce wannan ai ɓarna ce (faɗan da iyakarsa leɓe, don ina ajiye wayar na taka rawa a tsakar gida). Kafin Lahadi ta zagayo babu wadda ba ta ji labari ba a zumuntar mata ta cocinmu. Ni na gaya musu da bakina, ɗaya bayan ɗaya.

Surutun nan kuwa ya jawo mini. Ashe kowa a ƙasar Zuru yana da wani a Turai! Wannan ta kawo kuka, waccan ta kawo busasshiyar kuɓewa, wata yaji. Maman Asabe tun daga Ribah ta hau babur da ƙullin daddawa kamar kan jariri, wai in kai wa ɗanta. Na ce, "Maman Asabe, ɗanki ai a Kanada yake." Ta ce, "To, ba duk hanya ɗaya ba ce? Ki miƙa masa in kin zo wucewa."

Maigidana, Baban Rahila, tsohon soja ne, kuma ya taɓa shiga jirgi lokacin da aka kai su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, saboda haka shi ne masanin gidan. Ana gobe zan tashi ya buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe ya zaro wani dogon wandon sanyi, kore, mai faci a gwiwa ɗaya, yana warin kafur. Ya ce, "Ki sa wannan a ƙarƙashin zani. Sanyin can tun cikin jirgi yake farawa." Na ce Allah Ya kiyaye. Ya ce to, in na daskare kada in kira sunansa. Na sa.

Hanyar Rijau zuwa Kontagora ba sai na ba ku labarinta ba, wanda ya bi ya san yadda take raba mutum da ƙashin bayansa. Na kwana a Abuja gidan ƙanwata, da safe mijinta ya sauke ni a filin jirgi ya wuce aiki. Na ci ado da sabuwar atamfa, riga da zani, na kafa ɗaurin kai, na shiga ina tura kaya ina taku ɗai-ɗai.

Ina shiga na ga dogon layi ya yi lanƙwasa kamar na masu karɓar takin gwamnati, sai na bi bayansa. Na tsaya, na tsaya, har gwiwar da aka kashe kuɗi dominta ta fara kuka. Wani yaro ya taka ni da keken kaya, uwarsa ko sannu. Da ƙyar na kai gaban tebur, sai matar ta dubi takarduna ta ce, "Madam, me ya kawo ki nan? Ga layinki can." Na waiga. Wani jan kafet ne shimfiɗe, babu kowa a kai, wata ma'aikaciya na zaune tana hamma. To don Allah, wa zai ga wuri babu mutane a filin jirgin ƙasar nan ya ɗauka a buɗe yake?

Daga nan sai masu bincike suka ce in buɗe jaka. Daddawar Maman Asabe ta gaishe da kowa. Wani Bature da ke bayana ya ja da baya kamar an zage shi. Aka cire mini takalmi, aka kunce mini agogo, aka lalube ɗaurin kaina har ya karkace, bai kuma sake daidaituwa ba har na bar ƙasar.

Can aka nuna mini falon da manyan fasinjoji ke jira. Sanyi, kujeru masu laushi, ga abinci jere a kan dogon tebur: shinkafa, kaji, kifi, kayan marmari. Yunwa na ci na, amma na ce a raina wurin da ya yi kyau haka, cokali ɗaya na shinkafarsa zai cinye fanshona na wata. Sai na koma lungu, na buɗe jakar hannu, ina gutsurar burodin da ƙanwata ta sa mini ina kaiwa baki a ɓoye kamar ɗaliba a bayan aji.

Ina cikin haka wani dattijo mai babbar riga, faranti cike a hannu, ya tsaya a kaina. Da jin Hausarsa ka san Bakabe ne.

"Hajiya, ba ki cin abinci? Ai kyauta na."

Kyauta! Na ji kamar in fashe da kuka. Amma ku tuna, ni fa shugabar makarantar firamare ce har na yi ritaya, ni ake tambaya, ba ni nake tambaya ba. Na rufe jakar a hankali na ce, "Malama dai, Alhaji, ba Hajiya ba. Na san kyauta ne. Na gaji da abincinsu ne kawai, kullum abu ɗaya."

"Au, ashe Malama kin saba tahiya."

"Ai ni kullum ina hanya," in ji ni. (Ni da iyakata Jos, taron malamai, a motar haya.)

Ya ce shi ɗan kasuwa ne daga Jega, za shi ganin likitan ido. Ya koma ya zauna yana ɓarke cinyar kaza, ni kuwa na zauna ina haɗiyar yawu da girmana. Na ce ba komai, daga nan ba zan ƙara ganinsa ba.

Da aka kira mu muka shiga jirgi, wata Baturiya ma'aikaciya ta raka ni har kujerata, a tsakiya, inda kujeru biyu ke manne da juna. Wa zan gani a ta kusa da ni yana cire takalmi? Alhajin Jega.

"Malama! Ashe maƙwabta muke."

Shi ke nan, ƙaryata ta ɗaure ni. Baturiyar ta durƙusa ta ce ko ta nuna mini yadda kujerar ke aiki, na ga Alhaji na kallo, sai na ɗaga mata hannu na ce ba sai ta wahala ba. Daga nan duk abin da ya yi da wutsiyar ido nake kwafa. Ya ɗaura bel, na ɗaura. Aka kawo tawul mai zafi, ya goge hannu, na goge. Abu ɗaya ne ban kwafa ba: shi ruwa kaɗan ya sha, ni kuwa tunda na gane komai kyauta ne, duk abin da ya gifta a kan tire sai na miƙa hannu. Lemo, ruwan tuffa, shayi, wani shayin kuma. Ramuwar falo nake yi.

Bayan an ci abincin rana aka sassauke marufan tagogi, wuri ya yi duhu-duhu. Alhaji ya taɓa wani abu a kan ɗan dakalin da ke tsakaninmu, kujerarsa ta miƙe ta zama gado, ya ɗora hula a fuska, nan da nan sai minshari. Na lalubi wurin na danna, cikin ikon Allah tawa ma ta kwanta. Kai jama'a! Na miƙe ƙafa, na ja bargo, na sa wa Ishaku albarka. Na ce ashe haka masu kuɗi ke ji, shi ya sa ba sa son mutuwa.

Sai shayi ya fara neman hanyar fita.

Na daure, na juya, na sake juyawa, na ga abin ba na dauriya ba ne. Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba, sai an ɗaga kujerar. Tabarauna yana cikin jaka, jaka tana can sama a rufe. Na miƙa hannu kan dakalin nan na ji botin, 'yan maɓallan dannawa, birjik, kowanne da ɗan zane ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Don Allah wane mai hankali ne zai haɗa botin ɗin mutum biyu a wuri ɗaya, cikin duhu, ya ce tsohuwa ta bambance? Na zaɓi ɗaya na danna.

Kujerata ko motsi. Amma na ji wani gurnani a gefena. Ina juyawa sai na ga ƙafafun Alhaji suna tashi sama a hankali. Na yi sauri na danna na kusa da shi, ƙafafun suka sauka, sai kansa ya fara tasowa, hula a fuska, hannuwa a ƙirji, kamar ranar tashin matattu. Na rikice na danna da yatsu uku gaba ɗaya. Kujerar ta hau jijjiga shi (ashe har tausa take yi), fitila ta haske masa fuska, wata ƙararrawa ta fara ƙara a can gaba, sannan ta naɗe shi gwiwa na neman haɗuwa da haɓa.

Hula ta faɗi. Alhaji ya zabura da ƙarfi: "Innalillahi! Jirgin ya hwaɗi?"

Duk sashen manya ya farka. Kawuna suka leƙo ta saman kujeru. A daidai lokacin ne hannuna ya faɗa kan botin ɗina na gaskiya, kujerata ta taso da ni zaune. Ban tsaya wata-wata ba, na kwance bel na miƙe tsaye, niyyata in ruga banɗaki in kulle kaina har Ingila.

Na yi taku ɗaya, na ji iska. Ashe da kujerar ke naɗewa ta haɗiye bakin zanina. Ni na tafi, zani ya zauna.

Ga ni tsaye a tsakiyar hanya, rigar atamfa a sama, ɗaurin kai a karkace, a ƙasa kuwa koren wandon Baban Rahila da facinsa a gwiwa, ƙafa ɗaya ta naɗe ta hau ƙwauri. Ma'aikata biyu da ƙararrawar ta kira suka iso suka ci burki. Wani mai kwat a kujerar gefe ya ɗaga jarida ya rufe fuska, amma ina ganin jaridar tana rawa. Na kira sunan Yesu da yarenmu, don Hausa da Turanci duk sun gudu sun bar ni.

Baturiyar nan, Allah Ya saka mata, ta fizgo bargo ta naɗa mini a ƙugu ta raka ni banɗaki. Na daɗe a ciki ina kallon madubi ina zagin wanda ya ƙera kujerar, da Baban Rahila, da shayi. Da na fito na tarar su biyu sun durƙusa suna ja, kujera na ja, har ta saki zanin da baƙin maiko da yaga a gefe. Haka na ɗaura abina na zauna, na kafa ido a gaba kamar mai jiran hukunci.

Alhaji ya yi ta gyara hularsa da ta lotse. Can ya yi gyaran murya.

"Malama, halan jiragen da kinka saba shiga ba haka kujerunsu suke ba?"

Na ce, "Alhaji, ka yi wa Allah ka bar ni. Ban taɓa shiga ko wanne ba."

"Ai na sani tun da nig ga burodi." Ya yi dariya har da share hawaye. "Ni ranar da nif fara, zaune nit tahi har ƙasar Caina, ban taɓa komi ba. Tsoro nike in danna wani abu in kashe injin."

Wannan ya fi komai ba ni haushi. Wato tun daga Abuja ya sani, ya bar ni ina ta yanga! Na gaya masa haka, ya ce shi ina ruwansa, mace ta ce kullum tana hanya, ya ƙaryata ta? Daga nan ya nuna mini iyakar botin ɗina da nasa, ya kuma ɗora tafin hannunsa a kan nasa bai ɗauke ba har muka sauka.

Rahila da Ishaku suka tarbe ni, ta dubi zanin ta ce, "Mama, me ya sami atamfarki?" Na ce hanya ce. Muna isa gida ta kai ni wurin jikana, yana kwance cikin wani ɗan gado na zamani. Ta ce, "Mama, kin ga, in ya yi kuka wannan kawai za ki danna, gadon da kansa zai yi ta lilo da shi."

Na dubi botin ɗin, na dubi ɗan mutum ɗanye sharaf a kwance. Na riga na koyi darasina a sama: abin da ban sani ba zan ce ban sani ba, abin da kuma ke motsa mutum yana barci, hannuna ba ya ƙara zuwa kusa da shi.

Na ce, "Ciro mini shi, ki ba ni zanin goyo. Bayana ba shi da botin."