Ranar da Aka Zo Binciken Ɗan Maƙwabcina

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a ƙofar gidana a Madachi ba, ranar da bakina ya so ya raba ɗana da abincinsa.

Bari in fara gabatar da kaina yadda ya kamata. Ni ɗan boko ne. Na yi firamare har na kusa gamawa, kuma a layinmu har gobe ni ake kawo wa kwalin magani in duba ko ya lalace. Saboda haka da ɗana Auwalu ya taso, na rantse sai ya kai inda ban kai ba. (Ɗan fari ne, da ba na kama sunansa, amma tun da ya yi digiri nake kamawa, da ƙarfi ma, musamman in da mutane.) Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya yi ta yawo da takardu har takalminsa ya buɗe baki, daga ƙarshe ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano. Ni dai abin da nake gaya wa jama'a shi ne yana aikin ofis.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Iro. Ɗansa Nafi'u sa'an Auwalu ne, amma shi daga sakandare ya tsere ya bi masu haɗa sola. A lokacin har jaje na yi wa Iro. Yau Nafi'u ne ke sa wa manoman rani famfon sola daga Rano har Kibiya. Ya rushe ɗakin ƙasar ubansa ya yi na bulo, ya kai shi Makka. Iro, wanda muka yi kiwon awaki tare, ya dawo Alhaji da haƙorin zinare, kuma tun daga ranar bai ƙara rufe baki ba. Ko ta'aziyya ya je sai ya nemi abin murmushi. Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani. Kawai dai in na ji fankarsu tana juyawa cikin zafin bazara, ni ina fifita da murfin kwano, sai in ja tsaki in juya wa katangar baya.

To, Nafi'u ya ga yarinya a Fassi. Kun san al'ada, kafin a ba mutum mata sai an turo wani dattijo a asirce ya tambayi maƙwabta halinsa. Wanda aka turo baffan yarinyar ne, Malam Garba, kuma aka nuna masa ni a matsayin mai ilimin layin. Ya same ni a kan tabarma tare da Tanko wanzami, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar maganar ta isa kasuwar Kibiya ta dawo da ƙari.

Muka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Na gyara hula, na ɗauko tabarau na saka, don a san ba da wasa za a yi shaidar ba.

“Malam Garba, ni ba na ɓata ɗan mutum,” na ce. “Yaro ne mai sallah. Sai dai aure albashi yake so. Sana'ar da ta dogara da rana, in hadari ya rufe gari fa, me amarya za ta ci?”

Ya gyaɗa kai. Da na tsaya a nan da na tsira, amma gyaɗa kan nan ya yi mini daɗi.

“Sannan ka duba,” na rage murya, “mutum kullum yana kan kwanon mutane. Daga can sama me ido ba ya gani a tsakar gidan matan aure? Ni ban ce ya leƙa ba. Na dai ce tsani ba wurin zaman mai kunya ba ne. Da irin nawa ne, mai zama a kujera da biro a aljihu, ai ko bincike ba sai kun yi ba.”

Na zaro waya na nuna masa hoton Auwalu da rigar kammala jami'a, da hular nan mai kama da faifai. Malam Garba ya karɓa, ya nisanta ta, ya matso da ita.

“Wannan ɗanka ne?”

“Na cikina.”

“Ai na san shi. Malam Auwalu ne, mai ɗauko wa Nafi'u batir. Duk Asabar tare suke. Shi ma ya hau kwanon gidana, har ya fi Nafi'un daɗewa a sama.” Ya miƙo mini wayar a hankali. “To shi me ya ce maka ya gani?”

Tanko ya yi tari, irin tarin da ba na mura ba. Ni kuwa na shiga goge tabarau kamar a jikinsa amsar take. Na ji kaina ina cewa wai ai duba aikin yake zuwa yi, a matsayin mai ilimi. Malam Garba ya ce ƙwarai, ya ga yana dubawa da batir a ka.

Ranar Asabar Auwalu ya iso, labari ya riga ya tarye shi tun a tasha. Bai ɗaga murya ba, ya durƙusa kamar kullum.

“Baba, albashin nan kuɗin mota da haya ke cinye shi kafin wata ya raba. Wani watan ma mai makarantar haƙuri yake ba mu. Nafi'u ne ya ce in zo mu riƙa fita, ya kuma rufa mini asiri don kada ka ji kunya. Yanzu in ya ce in zauna a gida, me zan kai wa iyalina?”

Wannan tambayar babu ita a firamaren da na yi.

Haka na sa babbar riga na zagaya gidan Alhaji Iro. Ya bar ni na yi bayanina tun daga farko har ƙarshe, a ƙarƙashin fankar, yana ta haska ni da haƙori.

“Malam na boko,” ya ce, “ai ni ba ni ka ɓata wa ba. Fassi za ka koma ka kwashe abin da ka zubar. Nafi'u, kai baffanka a mota, kada rana ta taɓa shi, tunda ba ya shiri da ita.”

Na je Fassi a gidan gaba, Auwalu a baya da batura. A gaban Malam Garba da 'yan'uwansa na shaida cewa tsani sana'a ce ta mutunci, kuma ko da hadari batir yana riƙe wuta (a hanya aka koya mini wannan). An ɗaura auren bayan Sallah, Auwalu kuma yana nan a bakin aikinsa, yanzu har an fara barinsa ya haɗa waya da kansa.

Darasin da na ɗauka, kuma nake ba duk wani tsoho kyauta: in aka zo tambayarka halin ɗan maƙwabci, kafin ka buɗe baki ka fara bincika inda naka yake yini ranar Asabar. Ƙyashin kam bai tafi ba, sai dai yanzu a ɗaki nake yinsa, bayan na tabbata Tanko ya wuce.