Yadda Za Ka Cusa ’Yarka Cikin Layi Lokacin da Kowa Ya Rufe Ido

Bari in faɗi laifina kafin wani ya faɗa mini: ni ba makara nake yi ba, ƙarfe bakwai da rabi ne ke riga ni isowa. Shekara arba’in da shida muna tsere da shi, ban taɓa cinye shi ba. Da ni kaɗai ne da sauƙi. To uwargida ma’aikaciyar jinya ce, tun shida ta fice, ni ke raka ’yarmu makarantar Sistoci. Aji uku take. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana, ita kuma ta ɗauki muƙamin da gaske.

Bana aka zaɓe ta ta yi karatu a Mas ɗin Juma’a, wato babbar addu’ar coci, gaban makaranta kaf. Mako uku tana bita, har madubin ɗakinmu ya haddace. Amma dokar Sista shugabar makaranta ita ce, duk yaron da ya makara sau uku a wata, a ba wani karatun. Muna da biyu a ajiye.

In kana cikin irin halina, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci ’yarka za ta shiga layi ba wanda ya gani, kai kuma ka koma gida da mutuncinka.

1. Ka raba laifin tun daga gida

Kada ka fito da laifi kai kaɗai, nauyi gare shi. Ba agogo kasonsa, ba butar shayi nata, sauran ka ɗora wa makulli. Ka riƙa ɗaga matasan kujera kana tsaki, don yarinya ta shaida ba zaune kake ba.

Hattara da yara masu ido. Tawa takan tsaya bakin ƙofa, jaka a baya, ta ce, “Baba, makullin yana hannunka.” Ka ce gwada ta kake yi. Uba ba ya mantuwa, jarrabawa yake shiryawa.

2. Ka tanadi uzuri, amma kada ka taɓa dangi

A makararmu ta farko na ce wa Sista cunkoson motoci ne. A ta biyu na ce taya ce ta yi faci, har na shafa ruwa a goshi ya zama gumi. Duka biyun ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Allah ya sawwaƙe.” Ka ga an karɓa ke nan.

Abin da ba a yi a makarantar Katolika shi ne kwantar da ɗan’uwa. Wani direba da muke yawan haɗuwa a ƙofa ya taɓa cewa gwaggonsa ce ba lafiya. Yara ɗari huɗu suka yi mako guda suna mata addu’a, ’yan aji biyu suka zana mata kati, ranar Asabar Fada, limamin cocin, ya ɗauki babur ya je dubiya. Ya tarar da ita tana faskare.

3. Kada ka tsaya gaisawa da Baba maigadi

Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami. Da ya hango ka zai ce, “Ranka ya daɗe, ina kwana, ko dai in ce ina wuni?” Kada ka tanka. Ɗaga masa hannu irin na wanda zai dawo da magana mai muhimmanci, ka wuce. Gaisuwa da shi minti uku ce, kai kuwa daƙiƙa kake ƙirgawa.

4. Ka san lokacin da makaranta ke makancewa

Nan ilimin yake, ka natsu. Bayan ƙararrawa yara kan jeru aji-aji a fili. Sai Sista ta ce a haɗa hannu, a rufe ido. Daga alamar gicciye zuwa amin, na auna da agogo har sau huɗu, minti ɗaya ne da daƙiƙa goma. A wannan tsakanin babu ido ko ɗaya a buɗe, har malamai. Layin aji uku shi ne na biyu daga bishiyar da ke gefen famfo, taku ashirin daga ƙofa.

Ka karɓi jakar ka rataya, don ta yi sauri. Ka cire cokali daga kwanon abinci ka sa a aljihu. Iyaye da yawa cokali ne ya tona musu asiri. Ka tsaya bayan katanga har ka ji an fara. Mai gaggawa ana ganinsa, mai dabara addu’a yake jira.

5. In yarinya ta tsaya, kai ma ka tsaya

Ranar Laraba na gwada da kaina. Komai ya tafi daidai har taku na goma. A tsakiyar fili, inda ba bishiya ba inuwa, Mamana ta ja birki, ta haɗa hannu, ta rufe ido.

Na sunkuya na ce, “Mamana, tafi mana.”

Ta ce, ba ta ko buɗe ido ba, “Baba, ana addu’a.”

“Ki ƙarasa a layi. Allah na ji daga can ma.”

“Malama ta ce inda addu’a ta same ka, nan za ka tsaya.”

Na ja hannunta, ta kafe kamar an dasa ta. A nan shawarata ita ce kai ma ka rufe ido, tunda babu sauran abin da za ka so gani. Da aka ce amin, yara ɗari huɗu suka buɗe ido suka tarar da wani dattijo a tsakiyar fili, jaka ruwan hoda a kafaɗa, cokali na leƙowa daga aljihu, silifas ɗaya shuɗi ɗaya baƙi.

6. A ofis, ka riga yarinya magana

Ni ban riga ta ba. Sista ta nuna mini kujera, irin ta ’yan aji ɗaya, na zauna gwiwoyina na gaishe da haɓata. Ta juya wajen yarinyar ta ce, “’Yata, me ya faru yau?”

Na yi gyaran murya, na ƙifta ido. A banza. Ajin nasu ana koya musu furta laifi gaban Fada, tun daga nan gaskiya ta zama mata abin ado.

“Sista, na shirya tun bakwai saura. Baba ne yake neman tabaransa. Yana kansa.”

Sista ta jawo littafin masu makara, ta buɗe biro. Sai na ga Mamana tana matse takardar karatun da ta linke a aljihu. Duk uzurin da na tanada ya gudu ya bar ni. Na ce, “Sista, don Allah kada ki cire ta. Ita ba ta taɓa makara ba, ni ne nake makarar da ita.”

“Na sani, Malam. Tun daga bayan katanga nake kallonka.”

“Ba a rufe ido ba?”

“Yara ke rufewa. Ni shekara ashirin rabona da rufe ido a addu’ar safe, kuma Fada ya sani.” Ta mayar da murfin biro. “Dokarmu ta ce a hukunta wanda ya makara. Daga gobe bakwai daidai za ka riƙe jar tuta a bakin titi kana tsallakar da yara, har ƙarshen zango.”

7. Ka mai da hukunci muƙami

Duk wanda ya tambaya, ka ce makaranta ce ta roƙe ka. Ka tsayar da motoci da ɗaure fuska. In Baba maigadi ya ce, “Yallaɓai, yau kai ka tashi zakara?” ka ce aikin coci ba ya jira.

Ranar Juma’a Mamana ta hau kan akwatin da aka sa mata don ta kai bakin makirfo, ta karanta har ƙarshe ba tuntuɓe. Ina can baya da tuta a hammata. Wani abu ya faɗa mini a ido, ba abin da ya shafi kowa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ba ruwana da kunya, ciwon gwiwa, ko tutar da za a miƙa maka. In aka kama ka, ban san ka ba, kuma kada ka ambaci sunana a ofis, an riga an san shi.

Wanda ke son ƙarin bayani ya same ni a gida, ba wuyar ganewa. Gidan yana kallon ƙofar makarantar, titi kawai ya raba mu. Daga tagar ofishinta Sista na ganin ƙofar ɗakina.